Hanci, Maƙogwaro ko Yawu: Kwatanta Hanyoyin Ɗaukar Samfuri Wajen Gano Sababbin Nau'o'in Ƙwayoyin Cutar Numfashi

Tsakure

Wannan takarda ta kwatanta hanyoyin ɗaukar samfuri daga jikin mutum domin gano ƙwayoyin cutar numfashi, ta dogara kan abin da ya bayyana lokacin da nau'in Omikron na korona ya ɓulla a ƙarshen 2021. Hujjarta ita ce fifikon wani samfuri a kan wani ba ya dawwama. Yana sauyawa gwargwadon ranar da aka ɗauke shi a tafiyar cutar, da irin gwajin da za a yi masa, da kuma abin da ake nema a cikinsa. Bisa haka takardar ta nemi a mayar da haɗa maƙogwaro da hanci a tsinke ɗaya ya zama aikin yau da kullum a gwajin PCR, kuma cibiyoyin sa ido su riƙa ɗaukar samfuri daga wurare daban-daban a jikin mutum ɗaya, a gwada kowanne shi kaɗai, tun kafin sabon nau'i ya iso.

Gabatarwa

Duk sakamakon da ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje, asalinsa yana hannun ma'aikacin da ya riƙe tsinken auduga ya tunkari fuskar mara lafiya. Idan ƙwayar cutar ba ta hau audugar ba, babu na'urar da za ta samar da ita, kome tsadarta. Kowane ma'aikacin ɗakin gwaji ya san wannan, amma a shekarun annobar korona yawancin kuɗi da muhawara sun tafi kan na'urori da sinadaransu, aka bar ɗaukar samfuri a matsayin ƙaramin aikin da ba ya buƙatar nazari. Ina ganin wannan sakaci ne mai tsada, musamman a aikin farautar sababbin nau'o'i. A asibiti, samfurin da ya kuskure ƙwayar, mutum ɗaya yake cutarwa tare da iyalinsa. A aikin sa ido kuwa, yana ɓoye wa ƙasa baki ɗaya abin da ke yawo a cikinta.

Hanyoyin da ake magana a kansu sanannu ne. Akwai dogon tsinke siriri da ake turawa ta hanci har ƙuryarsa, inda kogon hanci ya haɗu da saman maƙogwaro, tafiyar da a babban mutum takan kai kusan tazarar da ke tsakanin hanci da kunne. Wannan ita aka ɗauka ma'auni tun kafin korona, a gwajin mura da danginta. Tana buƙatar horarren ma'aikaci, tana sa hawaye da atishawa, atishawar kuma takan jefa ma'aikacin cikin haɗari. Akwai gogar tsakiyar hanci da ta bakin hanci, waɗanda mutum zai iya yi wa kansa. Akwai gogar maƙogwaro ta baki, a shafi bangon baya da gefen beli. Sai kuma yawu, ko dai a tofa shi cikin kwalba ko a goge cikin baki da auduga. Kaki da ruwan da ake zuƙowa daga huhu na masu tsananin jinya ne, ba su ne jigon wannan takarda ba.

Abin da aka sani kafin Omikron

A watan Satumba na 2020 Anne Wyllie da abokan aikinta na Jami'ar Yale sun wallafa sakamakon majinyata 70 da ke kwance a asibiti, inda suka samu ƙwayar ta fi yawa a yawu fiye da a ƙuryar hanci, kuma a kwanaki 5 na farko bayan tabbatar da cutar kashi 81 cikin ɗari na samfurin yawu sun nuna ta, na ƙuryar hanci kuwa kashi 71. Wata guda kafin haka Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta riga ta ba da izinin gaggawa ga hanyarsu ta gwajin yawu mai suna SalivaDirect. Da bincike ya yawaita aka tattara shi wuri ɗaya, sai hoton ya ɗan sauya. Nazarin da masana na Jami'ar Hong Kong suka fitar a 2021, wanda ya haɗa bincike 23 kan marasa lafiyar da ba a kwantar ba, ya ba haɗin hanci da maƙogwaro kashi 97 cikin ɗari, hanci kaɗai 86, yawu 85, maƙogwaro kaɗai 68. A kan irin waɗannan alƙaluma ƙasashe da yawa suka gina tsarinsu, kamfanoni da yawa kuma suka ƙera gwajin gaggawa na gida da tsinken hanci kawai.

Akwai wata matsala a ƙarƙashin waɗannan alƙaluma da ba a cika faɗa ba. An auna kowace hanya ne da sakamakon ƙuryar hanci. Duk mutumin da yawu ya kama amma ƙuryar hanci ta kuskure, lissafi zai ɗauke shi a matsayin kuskuren yawu, ko da kuwa ƙwayar tana jikinsa da gaske. Wanda aka naɗa alƙali a gasar da shi ma yake cikinta ba zai taɓa faɗuwa ba. Saboda haka kashi 85 da aka ba yawu yana nufin yawan dacewarsa da ƙuryar hanci, ba ya nufin yawan masu cutar da ya gano. Wannan bambanci ƙarami ne idan ƙwayar ta fi zama a hanci. Idan ta fara sauya mazauni ko sauya lokaci, yakan zama babba, kuma tsarin binciken kansa ne zai hana a gan shi.

Darasin Cape Town

A ranar 24 ga Nuwamba 2021 Afirka ta Kudu ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya wani sabon nau'i da masananta da na Botswana suka gano, kwana biyu bayan haka aka sa masa suna Omikron. Kafin Disamba ya ƙare, wani rukuni na Jami'ar Cape Town da asibitin Groote Schuur, wanda Gert Marais ya jagoranci rubuta rahotonsa, ya fitar da sakamakon da ya zagaya duniya. Sun riƙa ɗaukar samfuri biyu daga kowane mai alamun cutar tun watan Agusta, ɗaya daga tsakiyar hanci, ɗaya daga cikin baki bayan mutum ya yi tari sau kaɗan ya goga kumatu da harshe da dasashi da ganda. Ba su naɗa ɗayan alƙali ba, duk wanda ɗaya daga cikin biyun ya kama sun ɗauke shi mai cuta. A masu Delta, hanci ya kama kashi 100, yawu 71. A masu Omikron al'amarin ya juye: yawu ya kama kashi 100, hanci 86. A daidai lokacin, masana a Hong Kong suka ba da rahoton gwajin da suka yi a kan tsokar da aka ciro daga majinyata lokacin tiyata, inda cikin awa 24 Omikron ya hayayyafa kusan ninki 70 fiye da Delta a bututun iska, a tsokar huhu kuwa ya gaza asalin ƙwayar. Mutane suka haɗa labaran biyu suka yanke hukunci: ƙwayar ta yi ƙaura zuwa sama, yawu ne samfurin zamani.

Ya kamata a yaba wa aikin Cape Town, kuma abin yabon shi ne tsarinsa. Sun iya ganin juyin ne saboda sun fara ɗaukar samfuri bibbiyu watanni kafin kowa ya ji sunan Omikron, don haka da ya iso suna da abin kwatance a hannu, da ma'aikata iri ɗaya da na'ura iri ɗaya. Wannan shi ne darasi mafi girma a cikin labarin, kuma shi aka fi mantawa. Hukuncin da aka yanke daga sakamakon kuwa ya fi ƙarfin hujjar. Masu Omikron a rahoton farko ba su kai 40 ba, wato gibin maki 14 tsakanin yawu da hanci ya tsaya ne kan mutum kamar 5. Bututun iskan da aka gwada a Hong Kong kuma a ƙirji yake, bai shafi baki ba, saboda haka ba ya bayyana dalilin yawan ƙwayar a yawu kai tsaye. Sannan akwai tambayar da ta fi waɗannan nauyi: a wace rana ta kamuwarsu waɗannan mutane suka zo gwaji?

Rana da mazauni

Amsar da ta fi haske ta fito daga Landan, daga binciken da Kwalejin Imperial ta jagoranta, inda aka ɗiga wa matasa 36 masu ƙoshin lafiya ƙwayar korona a hanci da yardarsu, aka killace su ana gwada su sau biyu a rana. Mutum 18 suka kamu. Ƙwayar ta fara bayyana a maƙogwaro bayan kimanin awa 40, a hanci kuwa sai bayan kimanin awa 58, amma daga baya yawanta a hanci ya zarce na maƙogwaro nesa ba kusa ba, ya kai ƙololuwa wajen kwana na 5. Abin lura shi ne ƙwayar da aka yi amfani da ita ta shekarar 2020 ce, wadda ta riga Alfa da Delta da Omikron duka. Ke nan fara bayyana a maƙogwaro kafin hanci tsohuwar ɗabi'ar korona ce. Ba a gan ta sosai a 2020 ba domin a lokacin mutane ba sa zuwa gwaji sai bayan hanci ya riga ya cika.

Abin da Omikron ya sauya tabbas shi ne lokaci. Nazarin da ya tattara bincike masu yawa a 2022 ya nuna kwanakin da ke tsakanin kamuwa da bayyanar alamu sun ragu daga kimanin 5 a Alfa zuwa kusan 4 da rabi a Delta, zuwa kusan 3 da rabi a Omikron. Ban da haka, ya tarar da jama'ar da yawancinsu sun yi allurar riga-kafi ko sun taɓa kamuwa, kuma jikin da ya san ƙwayar yakan tashi yaƙi da wuri, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro su fara tun ƙwayar ba ta yi yawa ba. Binciken da aka yi a jihar Jojiya ta Amurka tsakanin 2022 da 2023 ya samu yawan ƙwayar a hanci yana kaiwa ƙololuwa wajen kwana na 4 da fara alamu, alhali a farkon annoba ƙololuwar takan zo daidai da fara alamun. Idan aka haɗa waɗannan, mai Omikron yana isa wurin gwaji ne a ranar da ƙwayar ke maƙogwaro da yawu, ba ta gama mamaye hanci ba, mai Delta kuwa yana isa bayan ta mamaye. Likitan da ya ga mutanen biyu a rana ta biyu da fara alamu zai ɗauka a mataki ɗaya suke, alhali ba haka ba ne.

Binciken da ya bi mutane kullum ya ƙarfafa wannan fahimta. A wuraren aiki a Amurka inda ake gwada ma'aikata kowace rana a Disamba 2021, an bi mutum 30, aka ga yawan ƙwayar a yawu yana kaiwa ƙololuwa kwana 1 zuwa 2 kafin na hanci. Rukunin Rustem Ismagilov na Caltech ya zurfafa fiye da haka, ya riƙa ɗaukar yawu da maƙogwaro da hanci kullum daga mutanen gida ɗaya tun kafin su kamu. Sun samu cewa a mutum ɗaya, a rana ɗaya, yawan ƙwayar a wuri ɗaya kan ninka na wani wurin sau dubbai, wani lokaci miliyoyi, kuma babu wuri ɗaya tak da ya kama dukkan ranakun da mutum ke ɗauke da ƙwaya mai yawa. Wannan ya rushe wani zato da aka daɗe ana aiki da shi a ɓoye, cewa samfuri daga wuri ɗaya yana wakiltar jikin mutum duka.

Za a iya cewa ta wannan hanya na musanta cewa nau'i yana sauya mazauni. Ban musanta ba. Binciken manhajar ZOE a Birtaniya ya nuna ciwon maƙogwaro ya ƙaru daga kusan kashi 61 a zamanin Delta zuwa kusan 71 a zamanin Omikron, rasa jin ƙamshi kuma ya faɗo daga kusan kashi 53 zuwa 17, kuma irin wannan sauyi ya yi girman da ba za a ɗora shi kan lokaci kaɗai ba. Abin da nake cewa shi ne binciken da ke ɗaukar samfuri sau ɗaya daga kowane mutum ba zai iya raba tasirin mazauni da na lokaci da na riga-kafi ba, domin ukun sun sauya tare a Disamba 2021. Wanda ya ce yawu ya fi dacewa da Omikron, ba tare da ya faɗi rana ba, ya faɗi rabin magana. Wanda kuma ya gina tsarin ƙasa a kan rabin maganar zai kuskure mutanen da suka zo gwaji a kwana na 6 ko na 7, lokacin da yawu ya fara yin sanyi hanci kuma yana nan cike.

Samfuri da irin gwajin da ake yi masa

Kusan duk alƙaluman da suka gabata na PCR ne, gwajin da ke ninka ɗan abin da ya samu har ya bayyana. Gwajin gaggawa ba ya ninka komai, furotin ɗin ƙwayar yake nema kamar yadda ya zo, kuma ruwan da ake jiƙa audugar a ciki an haɗa shi ne daidai da majinar hanci. Yawu yana da kauri da tsami da ragowar abinci, abin sha mai tsami ma kan iya fito da layin ƙarya. Wannan ne ya sa a Janairu 2022, lokacin da jama'a suka fara goga maƙogwaro da tsinken gwajin gida, Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta ce a bi umarnin kamfani a tsaya a hanci, yayin da ma'aikatar lafiya ta Isra'ila ta ba da shawarar a goga maƙogwaro sannan hanci. A wata cibiyar gwaji ta unguwa a San Faransisko a cikin watan, gwajin gaggawa na BinaxNOW da samfurin hanci ya kama kusan kashi 95 na masu ƙwaya mai yawa, gogar kumatu kuwa ta gaza ƙwarai. Amma gwajin da aka yi a Kopenhagen a 2022 kan mutum kusan 3,000, waɗanda aka raba su ta hanyar ƙuri'a, ya nuna haɗa maƙogwaro da hanci ya ƙara ƙarfin kamun gwajin gaggawa da sama da maki 15 cikin ɗari. Ba na ganin karo tsakanin waɗannan sakamako. Kumatu daban, maƙogwaro daban, kuma kowane gwaji da nasa sinadarin. Kuskuren shi ne ɗaukar sakamakon wani gwaji a liƙa wa wani.

Gano cuta da gano nau'i

Nan ne batun ya fi shafar aikin sa ido, kuma nan ne aka fi ƙarancin kulawa. Domin a ce mutum yana da korona, ya isa PCR ya ga ɗan guntun rubutun gadon ƙwayar. Domin a ce wane nau'i ne, dole a karanta rubutun kusan duka, haruffa kimanin 30,000. Hanyar ARTIC da ta fi yaɗuwa tana yanka shi gunduwa-gunduwa kusan 100, kowace mai haruffa kimanin 400, ta ninka kowace sannan a jera su. Samfurin da ƙwayarsa ta yi kaɗan, ko ta rududduge a hanya, zai bar giɓi a cikin rubutun, kuma giɓin kan faɗa a kan furotin ɗin ƙaya inda sauye-sauyen da ake nema suke. Shi ya sa ɗakunan gwaji da yawa ba sa ɓata sinadari a kan samfurin da lambar zagayensa ta PCR ta haura 30. Kowane zagaye ninki biyu ne, don haka bambancin zagaye 10 yana nufin bambancin ninki kusan 1,000 a yawan ƙwaya. Ko gajeriyar hanyar da ta fara tona asirin Omikron, wato ɓacewar alamar S a gwajin TaqPath saboda gogewar gurbi na 69 da 70, ba a yarda da ita sai sauran alamu biyu da gwajin ke nema sun fito da ƙarfi, domin a samfuri mai rauni alamar kan ɓace don ƙarancin ƙwaya kawai.

Sakamakon wannan tacewa yana da haɗari. A ƙaddara sabon nau'i ya kai kashi 10 cikin ɗari na masu kamuwa a wani gari, amma saboda masu shi suna zuwa da wuri ko ƙwayarsa ba ta cika hanci ba, rabin samfurinsa kawai ke wuce ma'aunin 30, na tsohon nau'i kuwa kashi 90 ke wucewa. Daga mutum 100, samfuri 5 na sabo da 81 na tsoho ne za su isa na'urar karanta rubutu, rahoto kuma zai ce sabon nau'in bai kai kashi 6 ba. Babu wanda ya yi kuskure a lissafi, babu na'urar da ta lalace. Hanyar ɗaukar samfuri ce ta rage shi kusan rabi, a daidai makonnin da ake yanke shawarar shirya gadaje da iskar oksijin. Nau'in da ya fi kauce wa tsinkenmu shi ne wanda za mu fi jinkirin gani.

Abin da masu ja za su ce

Ja na farko na kuɗi ne, kuma ya cancanci amsa a tsanake, musamman a ƙasashen da sinadarin PCR ke zuwa daga waje da kuɗin waje. Haɗa maƙogwaro da hanci ba ya ƙara ko kwabo a sinadari: tsinke ɗaya ne, a fara da maƙogwaro a ƙare da hanci, kwalba ɗaya, gwaji ɗaya. Abin da yake ci shi ne horar da ma'aikaci da 'yan daƙiƙoƙi na ƙaƙarin amai ga mara lafiya. Tsoron cewa yawu zai dusashe samfurin yana da tushe, amma PCR na da alamar tantancewa a cikinsa da ke nuna idan wani abu ya hana shi aiki, kuma alƙaluman da aka ambata sun nuna ribar ta fi hasarar. Ɗaukar samfuri uku a kwalabe uku ne ke ninka kuɗi, wannan kuwa ba a kowane asibiti ake buƙatarsa ba. Tsarin sa ido kan mura na Hukumar Lafiya ta Duniya yana aiki tun 1952 ta hanyar zaɓaɓɓun cibiyoyi, Nijeriya ma tana da irinsu tun 2008, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A irin waɗannan cibiyoyi a duniya an saba jefa tsinken ƙuryar hanci da na maƙogwaro a kwalba ɗaya, abin da ke da kyau ga kama cuta amma yake shafe bayanin inda ƙwayar take. Ware wani kaso na majinyata kowane mako a gwada samfuransu dabam-dabam shi ne maimaita abin da Cape Town ta yi, a kan farashin da ba zai karya kasafin kowa ba.

Ja na biyu shi ne gwajin ruwan magudana ya riga ya magance matsalar. Gaskiya ne a San Diyego an ga sababbin nau'o'i a ruwan najasa har kwana 14 kafin a gan su a samfuran asibiti, kuma Kano ta san wannan sana'a tun 2011 ta hanyar farautar ƙwayar shan-inna a magudanai. Ina goyon bayan faɗaɗa ta. Sai dai abin da ke cikin ruwan gutsattsari ne daga dubban mutane a cakuɗe, da wuya a tabbatar sauye-sauye biyu a ƙwaya ɗaya suke, ba ya nuna ko nau'in yana kwantar da mutane, kuma ba zai gaya wa nas inda za ta goga ba. Yana ba da gargaɗi, tabbaci kuwa sai an koma jikin mutum.

Ja na uku ya fi zurfi: sauya hanya yana lalata kwatancen shekara da shekara, kuma bambancin da ake gani tsakanin nau'o'in korona bai kai a tayar da tsari ba. Rabin farko daidai ne, shi ya sa ban nemi a jefar da tsohuwar hanya ba, na nemi ta zauna a cikin samfuran da ake kwatantawa domin a san yadda za a daidaita tsohon lissafi da sabo. Rabi na biyu kuwa murar tsuntsaye ta amsa shi. A 2024 aka gano nau'inta na H5N1 a shanun madara a Amurka, kuma alamar da ta fi bayyana a ma'aikatan gonakin ita ce jan ido. A mutum na farko da aka tabbatar a jihar Mishigan a watan Mayu, samfurin hanci bai nuna komai ba, gogar cikin fatar ido ce ta kama ƙwayar. Da an tsaya kan ƙa'idar mura da aka saba, da an sallame shi a matsayin mai ciwon ido. Cutar MERS ma tun 2012 ta nuna cewa akwai ƙwayar da ta fi zama a ƙasan ƙirji, wadda gogar hanci kan kuskure. H5N1 ba baƙuwa ba ce a arewacin Nijeriya, domin a wata gonar kaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a Fabrairu 2006, kuma mai kiwon da ya zo da jan ido bayan kajinsa sun mutu ya cancanci a goga idonsa tare da hancinsa.

Saura wani abu da binciken Yale ko na Kopenhagen ba zai yanke mana ba. Ƙa'idar ɗaukar yawu ita ce kada mutum ya ci ko ya sha ko ya tauna wani abu minti 30 kafin gwaji, ƙa'idar da mai goro a baki tun safe zai karya ba tare da ya ɗauka ya ci komai ba. Mai azumi ya cika ƙa'idar, amma da la'asar bakinsa a bushe yake. A hunturu hanci kan bushe ya tsattsage, dogon tsinke ya jawo haɓo, wanda ya sha wannan sau ɗaya kuma da wuya ya kawo ɗansa. Masanan Yale sun nuna a 2021 cewa rubutun gadon korona yana daɗewa a ɗanyen yawu ba tare da sinadarin adanawa ba, har a zafin digiri 30, labari mai daɗi ga wuraren da firji ke dogaro da janareta. Amma zafin Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu yakan haura 40, kuma abin da suka auna shi ne ɗan guntun da PCR ke nema, wanda kan tsira ko da doguwar gunduwar da karanta rubutu ke buƙata ta kakkarye. Cibiyar ACEGID da ke Ede, wadda tare da abokan aikinta ta karanta rubutun korona na farko a Afirka a Maris 2020, ta nuna ƙwarewar tana nan a ƙasar. Abin da ake buƙata shi ne a gwada samfuran a zafinmu da tsawon hanyoyinmu, kuma kowace kwalba ta tafi da bayani huɗu a takardarta: ranar da alamu suka fara, wurin da aka goga, wanda ya goga, da lambar zagayen PCR. A rumbun GISAID, inda duniya ke ajiye rubutun ƙwayoyin nan, gurbin rubuta wurin da aka ɗauki samfuri yana nan amma cika shi ba tilas ba ne, kuma ɗakunan gwajinmu za su iya mayar da shi tilas ga kansu daga samfurin da za su tura na gaba.